Kafin ka sayar da gafakar kakanka

A gidaje da yawa na Gure da Kelle da Bune akwai tsofaffin kayan fata da aka gada kaka da kakanni: gafakar malami rataye a bango, zabirar wanzami, alaben bafatake, ko jakar raƙumi mai tuntaye da aka cusa cikin adaka shekaru aru-aru. Mu masu sana'ar dukanci, waɗanda ake kawo wa irin waɗannan kaya don gyara ko don mu faɗi kimarsu, mun san hanya biyu da suke salwanta. Ko dai a miƙa wa dillalin kayan tarihi a kan kuɗi kaɗan ba tare da an faɗa masa ko sunan mai ita ba, ko kuma a ce ta yi dauɗa, a wanke ta, a shafe ta da man takalma, a sauya mata maratayi. Duka biyun asara ce iri ɗaya. Darajar tsohuwar jaka tana cikin abin da za a iya tabbatarwa game da ita: wa ya yi ta, a ina, da wane irin jima, wa ya riƙe ta, a wane zamani. Wanda ya sayar ba labari ya ba da rabin dukiyar kyauta, wanda ya sabunta ta kuwa ya goge shaidar da hannunsa.

Samun irin waɗannan kaya a wannan yanki yana da dalili. Gure ita ce hedkwatar ƙasar Muniyo, kuma a nan Bajamushen nan Heinrich Barth ya tarar da sarkinta, Muniyoma Koso, a ƙarshen shekarar 1852, yana kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Hanyar da ya bi ita ce ta fatake da almajirai tsakanin Barno da ƙasar Hausa, ga ayarin kanwa da gishirin Mangari, ga Buzaye da Tubawa masu saukowa daga arewa, kowa da irin jakarsa da irin adonsa. Damagaram kuwa, a zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, ta zama babbar mashigar ayarin da ke ƙetare hamada zuwa Tarabulus, kuma jemammiyar fata na cikin manyan kayan da ake lodawa. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta daɗe tana shiga Turai ana ɗaure littattafai masu tsada da ita, amma da sunan fatar Maroko aka san ta, saboda ta bakin tekun arewacin Afirka take isa gare su. Majemanmu suka sha wahala, wata ƙasa ta ɗauki suna. Abin da ya jawo haka shi ne kaya sun tafi ba su ɗauke da shaidar asalinsu, kuma shi ne abin da muke maimaitawa yau a duk lokacin da gafaka ta bar gida ba rubutu.

Dubi yadda masu tara tsofaffin jakunkuna a Turai da Amurka da Japan suke yi. A ranar 10 ga Yuli 2025, gidan gwanjon Sotheby's da ke Faris ya sayar da wata baƙar jakar kamfanin Hermès a kan Yuro miliyan 8.6, wato sama da sefa biliyan 5 da rabi. Jakar ta sha jiki, duk ta ƙoƙƙoje, har da tabon takardun da aka taɓa liƙa mata. Abin da aka saya shi ne tabbacin cewa ita ce ta farko da aka ɗinka wa mawaƙiya Jane Birkin, da haruffan sunanta biyu a jiki, da sanin cewa ta riƙe ta har 1994 lokacin da ta ba da ita gwanjon taimakon masu cutar ƙanjamau, da sanin hannun da ta faɗa bayan nan. Da wani ya ga dauɗarta ya goge, da ya zubar da dukiya. Kamfanonin nan suna taimaka wa masu bincike da alamu: Hermès na buga harafin da ke nuna shekara, Louis Vuitton ya yi amfani da lambar kwanan wata daga farkon shekarun 1980 har 2021. Duk da haka gwanaye ba sa tsayawa a kan lamba, domin masu jabu sun iya kwaikwayonta. Yawancin jakunkunan da ke ɗauke da waɗannan sunaye a kasuwannin gwanjonmu ma jabu ne. Gwani ɗinki yake dubawa, da ƙarfen maƙulli, da fatar kanta, da takardar saye.

Wani zai ce ai nasu na da hatimi da lamba, namu kuwa baduku bai taɓa sa sunansa ba, to da me za a gane? Gaskiya ne ba lamba, amma fata tana da nata bayani ga wanda ya iya karanta ta. Farko a nemi gefen da aka yanka, a ciki inda ba a shafa rini ba. Fatar da aka jeme da bagaruwa, bayan an cire gashinta da toka an kankare ta da kartaji, cikinta ruwan ƙasa ne tun daga sama har ƙasa, tana da ɗan tauri, da ƙamshin da duk wanda ya taɓa shiga majema ya sani. Wadda aka jeme da sinadarin masana'anta kuwa, tsakiyarta kan nuna shuɗi-shuɗi mai ruwan toka, ga laushi da santsi. Wannan jimar sai a 1884 aka yi mata rajista a Amurka, kuma ta ɗauki shekaru masu yawa kafin ta iso nan, don haka jakar da aka yi da ita ba za ta zama ta zamanin Koso ba ko da wa ya rantse. Sannan a duba fuskar fatar a hasken rana: ta akuya tana da ƙananan ƙuraje da ramukan gashi a jere, tana da ƙarfi ko an yi mata siriri, ta tunkiya kuwa lugub take, kuma idan ta tsufa samanta kan ɓare.

Bayan jima sai rini da ɗinki. Jan karan dafi idan ya kwana biyu yakan nutsu ya koma ja mai duhu, ya shige jikin fata. Baƙin da ake haɗawa da kashin maƙera yana cin fata sannu a hankali, shi ya sa a tsohon aiki za ka ga layukan baƙi su ne suka fara tsattsagewa alhali jan da ke gefensu lafiya lau. Tsanwar nan ta adon Buzaye, wadda ake samu daga garin tagulla, a saman fata take zaune, ana yanka ta ƙanana a ɗinka bisa ja, kuma da tsufa takan kankare a gefe-gefe. Rinin kanti, wanda aka fara ƙirƙirowa a Ingila a 1856, launinsa na da tsawa, yana koɗewa a ɓangaren da rana ke duka, kuma shi ya kawo ruwan hoda da shunayya masu ƙyalli. A ɗinki kuwa, aikin basilla ba ya taɓa daidaita tsaf: taku ɗaya ya ɗan fi wani, ramin ya ɗan karkata, sau da yawa ma da siririyar fata aka ɗinka maimakon zare. Keken ɗinki zare biyu yake sarƙawa, sama da ƙasa, a layi ɗaya ba kuskure. Zaren roba, da zif, da shafin leda a ciki, duk suna cewa ƙarni na 20 ne, galibi ma rabinsa na biyu, sai dai in gyara ne aka yi daga baya, kuma gyara ana gane shi da tsofaffin ramukan da aka bari a gefe.

Sai dai a yi hattara da iyakar wannan ilimi. Alamun nan suna iya cewa jaka ba ta kai shekara kaza ba, amma ba sa iya cewa ta kai. Har gobe majeman Damagaram da na Kano da bagaruwa suke jima, kuma akwai dukawan da ke rini da karan dafi suna ɗinki da hannu, don haka jakar da aka gama bara tana iya cika duk sharuɗɗan. Akwai kuma masu tsofar da sabon aiki da gangan: a rataye shi a madafa ya sha hayaƙi, a shafa mai, a birkiɗa shi a ƙasa. Abin da ke tona su shi ne tsufa na gaskiya ba ya game jiki bai ɗaya. Yana zama inda hannu ke taɓawa: bakin marufi ya yi baƙi ya yi sheƙi, maratayi ya sirance daidai kafaɗa, bayan jakar ya goge inda yake gugar kwiɓi, kusurwoyi su cinye, amma ƙarƙashin marufi launi na nan da ransa. Jakar da ta yi dauɗa ko'ina daidai wa daida, har cikin lungu, tana warin hayaƙi, abin tuhuma ce.

A nan ne shaidar gida ta zama dole, domin ita ce ke cike abin da fata ta kasa faɗa. Za a ce maganar baka ba abin dogaro ba ce, kowa na son ya ce kayan kakansa sun shekara ɗari biyu. Haka ne, amma maganar baka ana gwada ta. Dattijuwar da ba ta san shekara ba ta san cewa an kawo alaben nan kafin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko bayan samun mulkin kai a 1960, ko a zamanin wane sarki, ko lokacin saukar wane. Idan maganarta ta dace da jima da rini da ɗinki, an sami shaidu biyu. Idan ta ce zamanin Tanimun ne alhali ga zaren roba, an san akwai gyara a labarin ko a jakar. Gafaka ma ta fi sauran sa'a, domin takardun da ke cikin tadarishinta suna magana. Ɗaga warƙa ɗaya ga haske: in ka ga alamar jinjirin wata uku, takarda ce irin ta Italiya da ayari ke kawowa ta Tarabulus a ƙarni na 19, kuma wani lokaci marubucin ya sa sunansa a ƙarshe. Shi ya sa raba gafaka da littafinta babban kuskure ne, ko da yake a tuna ana iya yi wa tsohon Alƙur'ani sabuwar gafaka.

Hujja mafi nauyi ta masu sayarwa ita ce ta talauci. Magidancin da rumbunsa ya ƙare, ga dillali da kuɗi a hannu, ba wanda ke da bakin ce masa ya riƙe tsohuwar fata ƴaƴansa su kwana da yunwa. Ban ce kada a sayar ba. Cewa na yi rubutu da hoto ba sa cin ko dala, kuma su ne ke ɗaga farashi, domin mai saye na ƙarshe yana biyan labari fiye da fata, kuma ribar da ke tsakani dillali ke cinyewa in mai kaya bai san abin da ke hannunsa ba. Kafin ciniki a ɗauki hotonta da waya gaba da baya da ciki, a naɗi muryar dattijon gida yana ba da tarihinta, a rubuta da boko ko ajami, a ajiye kwafi. A nuna wa baduku fiye da ɗaya. A kuma sani cewa Nijar na da dokar kare kayan tarihi tun 1997, kuma fitar da irin waɗannan kaya waje ba izini laifi ne. Abin da ya shafi Alƙur'ani da littattafan malamai kuwa, ya fi dacewa ya zauna a hannun zuriya ko makarantar da ta san hakkinsa.

Wanda ya zaɓi ajiyewa, aikinsa kaɗan ne. Kada ruwa ya taɓa ta, kada a shafa man takalma ko man inji ko man gyaɗa, domin mai na baƙanta rini yana jawo ƙwari. A kaɗe ƙura da tattausan ƙyalle, a cusa tsumman auduga a ciki don kada ta lanƙwashe, a naɗe ta da farin yadi. Leda na tara gumi da damina ta kawo fumfuna. A sauke ta daga ƙusa, domin nauyinta ne ke tsinka maratayi, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da ɓera, a nisanta ta da rana da busasshiyar iskar hunturu. In wani wuri ya farke, a bar shi haka har a sami wanda zai ɗinka ta tsofaffin ramuka, kuma duk abin da ya cire a ajiye shi tare da ita.

Mu dukawan yau kuma akwai namu nauyin. Aikin da ke fita daga hannunmu a Gure da Damagaram da rumfunan gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai shi ne tsohon kayan jikokinmu. Hatimin ƙarfe guda, wanda kowane maƙeri zai iya ƙerawa, ya isa a buga sunan baduku da garinsa da shekara a cikin marufi. Ina roƙon shugabannin sana'a su mai da wannan ƙa'ida ga kowane yaron da suka yaye, masu saye kuma su riƙa tambayar hatimin kafin su biya.