Darasin Mako: Hawan Tudu da Keke a Hanyar Burji

Duk mai zuwa makaranta da keke daga ƙauyukan bakin fadama ya san ƙasarmu ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar yadda baƙi suke zato. Gulbin Rima yana kwance a ƙasa, gari da gonakin tudu suna sama, tsakaninsu kuwa sai an hau. A Birnin Kebbi ga tsaunukan Dukku, a wajen Argungu ma wanda ya ɗauko shinkafa daga fadama yakan ci karo da tudu kafin ya kai gida. Yawancin waɗannan ƙananan hanyoyi ba su da kwalta, burji ne da tsakuwar marmara.

Makon jiya ɗaya daga cikinmu ya shigo aji da gwiwa a ɗaure. Yana tsakiyar hawa ya ji keken ya yi nauyi, sai ya miƙe tsaye a kan feda kamar yadda muke yi a kwalta. Tayar baya ta yi ta juyawa wuri ɗaya tana watsa tsakuwa, keken ya tsaya cak, ya kife da shi. Wannan ne ya sa muka tuntuɓi malaminmu na kimiyya da kuma wani mai gyaran keke.

Abin da ya kayar da abokinmu ba rashin ƙarfi ba ne. Tayar baya ce take tura keke, kuma ba ta kama ƙasa sai da nauyi a kanta. Da zarar ka miƙe, nauyinka ya koma gaba, tayar ta zama sakayau. Kwalta takan yafe maka wannan, amma tsakuwa tana mirginawa ƙarƙashin taya. Saboda haka ka zauna daram a kan sirdi, ka sunkuyar da ƙirji wajen kan keke don kada tayar gaba ta ɗaga, ka riƙa taka feda a natse, ba da fizga ba. Kowace fizga gayyatar santsi ce.

Ga ɗan lissafi. A ce nauyinka kilo 50, keken kilo 20, hanyar kuma tana hawa mita 10 a cikin kowane mita 100. Tudun yana ja ka baya da ƙarfin kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin duka, wato kamar kilo 7. Ɗora buhun shinkafa mai kilo 50 a kariya, jan ya koma kamar kilo 12. Idan iyayenmu sun sauka suna tura keke da buhu, ba kasala ba ce, sun riga mu sanin lissafin.

Sai batun haƙoran sarƙa, wanda ya fi ba mu sha'awa. Irin kekunan da aka saba da su a nan, su Phoenix da Raleigh, giya ɗaya gare su. Idan babban faifan gaba yana da haƙora 44, ƙaramin na baya 18, duk zagaye ɗaya na feda taya tana juyawa kusan sau biyu da rabi. Babbar taya mai inci 28 tana cin wajen mita 2.2 a juyi ɗaya, ke nan kana tafiyar mita 5.4 a kowane zagaye. Daɗi a miƙaƙƙiyar hanya, azaba a tudu. In aka sa na baya mai haƙora 22, tafiyar ta ragu zuwa mita 4.4, nauyin takawa kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wataƙila sai an ƙara wa sarƙa tsawo kaɗan. Masu keke mai giya kuwa su sauya tun kafin hawan ya yi tsanani, domin sauyawa ana danna feda da ƙarfi shi yake zubar da sarƙa.

Ka zaɓi inda za ka bi tun daga nesa. Sawun da babura suka daddage ya fi gefen hanya inda tsakuwa da yashi suka taru. Bayan ruwan Agusta a kula da ramukan da zaizaya ta yanka. Kada a cika wa taya iska har ta yi tauri kamar dutse, sai ta riƙa tsalle. In kuma ta yi laushi da yawa, tsakuwa ta matse tib, ka kwana wajen mai faci. Wasu suna karkacewa hagu da dama don rage tsinin hawa. Dabarar tana aiki, amma mu ba ma son ta inda akwai kwana, don mai babur da ke gangarowa ba zai hango ka ba.

In ƙafa ta ƙi, sauka tun keken yana motsi, ka riƙe birki, ka tura. A gangara kuma kada ka damƙe birkin gaba shi kaɗai a kan tsakuwa. Riƙa matsa duka biyun a hankali tun daga sama.

Aikin gida: kowa ya ƙirga haƙoran gaba da na baya na keken gidansu, ya raba, ya kawo mana amsa ranar Litinin. Za mu liƙa sakamakon a wannan allo.