Yadda Na'urar Gano Yoyon Gas Ke Aiki

A gidajen Gwadangaji da ake girki da gas, yoyo cikin dare na iya zama gobara kafin kowa ya farka. Na'urar ƙararrawa kan gano shi da ɗan sinadarin kuza, dabarar da Naoyoshi Taguchi na Japan ya ƙirƙiro a 1962.

Ana dumama sinadarin zuwa wajen digiri 300. Iskar oksijin takan manne masa ta tare lantarki. Da gas ya taɓa shi, sai lantarkin ya samu hanya, ƙararrawa ta tashi. Ana yin sa ƙwayoyin nano ne domin gas ya samu wurin taɓawa da yawa. Haka MQ-3 ke gano tururin barasa, kodayake turaren fesawa ma kan ruɗe ta.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, don haka ƙasa-ƙasa ake kafa na'urar.