Kafin a Manna Soso a Bangon Ɗakin Haya

Da azumi ya raba tsakiya, ko aka sa ranar biki, wayoyin masu fenti da kafintocin Nima da Maamobi, a birnin Accra, ba sa hutawa. Mai wannan rubutu, wanda fenti da ƙawata ɗakuna ne sana'arsa a unguwannin nan biyu, ya san yadda zancen ke farawa. Za a turo hoto ta WhatsApp, wanda aka ɗauko a TikTok ko Instagram, a biyo shi da saƙon murya cewa irinsa ake so, kuma kafin Sallah. Hoton kusan ɗaya ne kullum: bango mai zanen bulo fari fat, silin na POP mai hawa biyu, da igiyar fitila mai canza launi ta kewaye talabijin.

Son kwalliyar ɗaki ba baƙon abu ba ne a unguwannin Zango irin waɗannan. Iyayen amare sun daɗe suna jere; a da kwalla da tasoshi ke cika kabet, yanzu ido ya koma bango. Sai dai ɗakin da ke cikin hoton daban, wanda za a yi wa aikin daban. Mutane da dama a nan haya suke yi a gidan yawa, ɗaki ɗaya ko ciki da falo, mai ƙaramar taga. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata 6, amma a Accra an saba neman na shekara ɗaya ko biyu. Ga kayan adon daga waje ake shigo da mafi yawansu, kuma tun faɗuwar sidi a 2022, shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba, kowa ya ji a jikinsa. Abin da ya rage wa ɗan haya bai kai ya zuba shi a bangon wani ba.

Abin da aka fi nema shi ne soson nan mai gam a baya, wanda ake ɓare takarda a manna. Kowane falle kusan santimita 70 ne a 77, don haka bango mai faɗin mita 3.6 da tsayin mita 3 zai ci falle 20 ko fiye kaɗan. Ranar da aka manna shi, ɗaki sai ka rantse otal ne.

Damina ce ke tona asiri. Accra na samun ruwa sau biyu a shekara, daga Afrilu zuwa Yuli, sai kuma Satumba zuwa Nuwamba, ga iskar teku mai laima. Tsofaffin gidaje, musamman na gangaren babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, an gina da yawansu ba tare da shimfiɗa abin tare danshi a gindin bango ba. Bulon yashi da siminti yana zuƙo ruwa daga ƙasa, ya hau da shi kusan mita ɗaya. Alamarsa fenti ya kumbura yana ɓarewa, farin gari kamar kanwa ya fito. Idan aka rufe irin wannan bango da soso, ruwan ba ya samun hanyar fita. Baƙar fumfuna ta yaɗu a baya, warinta ya kama tufafi da katifa, mai ciwon asma da jariri su fara shan wahala. Mai wannan rubutu ya sha ɓare soson da bai shekara ba, ya tarar kyankyasai da kuɗin cizo sun yi gida a ƙarƙashinsa. Haka kuma soson yana kama wuta da sauri, yana narkewa da baƙin hayaƙi, alhali a ɗaki guda ake ajiye tukunyar gas, a kunna maganin sauro, a cika soket da caja. Ranar tashi gam ɗin ya taho da yaɓe, mai gida ya ce sai an gyara.

Gwajin bango ba ya cin ko sisi. A yanko leda mai tsawon kamu biyu, a manna ta da salatif ta kowane gefe, a bar ta kwana biyu. In raɓa ta taru ta ciki, danshin daga bangon yake, sai a nemi tushensa: bututun da ke yoyo, banɗakin da ke bayan ɗaki, ko ruwan da ke kwanciya a lungu. In ta waje ta taru, iska ce ba ta wadatar ɗakin. Bayan an toshe tushen, magini ya kankare wurin, ya sake yaɓe da simintin da aka haɗa da maganin hana ruwa, a jira kamar mako 4 kafin fenti.

Daga nan ƙawata bango ɗaya ya isa, wanda mai shigowa ke fara gani. Lita ɗaya ta fentin ruwa tana rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, ke nan galan mai lita 4 zai yi wa bangon shafa biyu har ya rage. Da salatif da gwangwanin wani launi ana fitar da layuka, ko baka irin na ƙofar masallaci, ko ma zanen bulon kansa. Sauran bangaye a bar su da launi mai haske, don ɗaki mai taga ɗaya ya ƙara faɗi a ido.

Ragowar kuɗin ya tafi ga abin da za a iya ɗorawa a mota ranar ƙaura. A kasuwar Kantamanto, wadda gobarar Janairun 2025 ta ci amma 'yan kasuwa suka sake tayar da ita, ana samun labule masu nauyi na gwanjo. A rataye su kusa da silin, faɗinsu ya ninka na taga sau biyu. Allon talabijin kuwa, kafinta zai haɗa shi da katakon Timber Market ya tsaya da ƙafarsa, a bar tazarar yatsa uku tsakaninsa da bango. Kwandunan Bolgatanga, waɗanda shagunan Turai da Amurka ke sayarwa da tsada don ado, da faifai masu launi, da tumtum na fata, da ragowar atamfar GTP da aka ɗame a firam, duk suna cika bango da ƙusa kaɗan. Igiyar fitilar a zaɓi mai bolt 12, a bar na'urarta inda iska ke bugawa, mai gyaran wuta da ke da lasisin Hukumar Makamashi ya haɗa ta.

Silin na POP aikin mai gida ne, kuma sai an duba kwano, domin yoyo kaɗan ke ɓata shi. Ɗan hayan da ya nace, ya fara zama da Alhaji ko Hajiya mai gidan, a rubuta kuɗin aikin da yadda za a cire shi daga haya, shaidu biyu su sa hannu. Wannan takardar ce za a nema idan magana ta kai ofishin kula da haya.