Tsami da Ruɓewa: Darasi a kan Inganta Wake

Gabatarwa

Wannan darasi zai duba wata hanya ta inganta wake, sannan ya nuna wa ɗalibi mai shirin zama malami muhimmancin zaɓen kalma idan zai koyar da kimiyya da Hausa. An ɗauko misalan ne daga Kende da kewayenta a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kabi, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin.

Matsalar wake

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayarsa furotin ne, shi ya sa yake tsaya wa talaka a matsayin nama. Sai dai yana ɗauke da wani sinadari, fayitet, wanda kan riƙe sinadarin ƙarfe da zinki ya hana jiki cin moriyarsu. Haka kuma akwai wasu nau'o'in sukari da hanjin ɗan Adam ba ya iya narkarwa, waɗanda su ne ke haddasa kumburin cikin da aka san wake da shi. Kanwar da ake jefawa a tukunya tana sa ya nuna da wuri, amma tana lalata bitamin B1.

Aikin tsami

Bahaushe ya daɗe da sanin tsami a nono da kamu da koko. A 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa wasu ƙananan halittu ne ke kawo irin wannan tsami, ta hanyar mayar da sukari sinadarin tsamin nono. Idan aka surfa wake, aka markaɗa, aka zuba wa ƙullun ɗan ruwan tsamin gasara ya kwana, waɗannan bakteriya sukan cinye wani kaso na sukarin nan, tsamin kuma ya taimaka wajen karya fayitet. Duk da haka, tilas ne a dafa shi sosai kafin a ci. Abin lura a nan shi ne, mai tuyar ƙosai takan ce ƙullunta ya ɓaci idan ya yi tsami, alhali abin da masana ke nema ke nan, illa dai su suna kula da tsabta da ƙayyade lokaci.

Kada malami ya haɗa wannan da daddawa. Kalwar ɗorawa da ake dafawa a rufe ta kwana biyu zuwa uku, wadda a arewacin Benin ake kira sonru, Yarbawa kuma su ce iru, wata bakteriya ce daban mai suna Bacillus subtilis ke aiki a kanta. Furotin take farfasawa, saboda haka daddawa take da wari amma ba ta da tsami.

Zaɓen kalma

Wasu masu fassara sukan kira duk waɗannan ayyuka "ruɓarwa". A ganina kuskure ne, domin a kunnen yaro ruɓaɓɓen abu na juji ne, kuma ba uwar da za ta yarda ta ba ɗanta shi. "Tsamarwa" ta fi dacewa da nono da gasara da ƙullun wake. Daddawa kuwa, gara a tambayi masu yin ta.

Jinga

Ziyarci mai yin daddawa da mai koko a garinku, ka rubuto kalmomin aikatau da kowacce take amfani da su tun daga jiƙo har zuwa sayarwa.