Me Ya Sa Tsohon Ɗan Dambe Ke Kayar Da Matashi?

Matasan 'yan damben boksin da dama na fama da matsala guda: ga ƙarfi, ga sauri, ga numfashi, amma da zarar sun gamu da tsohon hannu sai wasa ya kuɓuce musu. Dalili shi ne, dattijo ya san ba zai iya tsere da kai ba, don haka yakan sa ka tsaya inda yake so, a lokacin da yake so.

Duba abin da ya faru a Las Vegas ranar 5 ga Nuwamba, 1994. George Foreman yana da shekara 45, Michael Moorer kuma 26, bahago ne, yana riƙe da kambun duniya na ajin masu nauyi, ba a taɓa doke shi ba. Tsawon zagaye tara Moorer na ta sakar masa naushin hannun gaba har idon Foreman ya kumbura, alƙalai ukun duk sun ba Moorer rinjaye. Kocinsa, Teddy Atlas, ya yi ta gargaɗinsa da ya daina tsayawa a gaban Foreman. Shi kuwa dattijon yana ta jefa hagu yana kora shi sannu a hankali zuwa bakin damansa. A zagaye na 10 ya taɓa shi da hagu, ya bi da gajeriyar dama a haɓa, Moorer ya zube bai tashi ba kafin a gama ƙirga.

Foreman ya sayi wannan ilimi da tsada. A Kinshasa a 1974 shi ne matashin, Muhammad Ali ya jingina da igiya ya bar shi yana duka har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya kayar da shi a zagaye na 8.

To, ɗana, ga abin yi. Da farko, kada ka tsaya bayan ka kai naushi. Ka buga biyu ko uku, ka zame gefe, nesa da hannun dattijon mai ƙarfi. Idan kai bahago ne kana karawa da mai dama, ka riƙa kewayawa ta damanka, ƙafarka ta gaba tana wajen tasa. Ƙafa ce ke fara tsufa a jikin ɗan dambe, ƙarfin naushi kuwa yana daɗewa. Ka sa shi ya yi ta juyawa yana nemanka.

Na biyu, ka raba ƙarfinka bisa yawan zagayen. Idan ya rufe fuska ya kwanta a igiya, kada ka ɓarnatar da naushi a damatsansa. Ka nemi haƙarƙari da ciki, ka ja baya. Idan ya rungume ka, hutu yake nema, ka ƙwace da wuri.

Na uku, ka lura da maimaicinka. Duk abin da ka yi sau uku iri ɗaya, ya riga ya haddace shi, jira kawai yake.

Na ƙarshe, ka ji maganar kocinka, musamman lokacin da kake kan gaba, domin a nan sakaci ke shigowa. A wurin atisaye kuma ka riƙa neman tsofaffin 'yan dambe ku gwabza, bayan kun gama ka zauna ka tambaye su ta ina suka gano ka.