Bashi Yana Bin Mutum Har Wurin Aiki

A aikina na lauya, ma'aikatan da ke zuwa wurina kan rikicin bashi kusan duk tambayarsu ɗaya ce: za a ƙwace min gida ko mota? Da wuya wani ya tambayi makomar aikinsa, alhali da albashin nan ne ake sa ran zai biya, kuma shi ma yana iya salwanta.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya ya fi kowa bukatar jin wannan. Dokokin aikin gwamnati sun saka karayar arziki da nutsewa cikin bashi a jerin manyan laifuffuka, sahu ɗaya da cin hanci da almubazzaranci da dukiyar jama'a. Ma'aunin kuwa ba shi da nisa. Idan bashin da ke kanka wanda babu jingina a kansa ya haura albashinka na wata 3, ko kotu ta yanke maka hukuncin biya ba ka biya ba, ka shiga ciki. Zauna ka haɗa na kofaretib, da na manhajar waya, da na mai shago, da na abokin da ya ranta maka kuɗin makarantar yara. Mutane da dama sun tsallake wannan iyaka ba su sani ba. Gaskiya ba kullum ake aiki da dokar ba, amma ranar da aka so ba ka takardar tuhuma, tana nan a rubuce, kuma hukuncinta yana iya kaiwa ga kora.

A banki abin ya fi tsauri. Dokar bankuna ta 2020 ta hana banki ɗaukar wanda kotu ta taɓa ayyana shi a matsayin wanda ya karye, ko ci gaba da riƙe shi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana irinsa zama daraktan kamfani, sashe na 66 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 kuma ya rufe masa ƙofar takarar Majalisar Tarayya har sai kotu ta sallame shi.

Sai dai a Najeriya ba kasafai ake kai mutum Babbar Kotun Tarayya a ƙarƙashin dokar karayar arziki ta 1979 ba. Abin da ya fi kama jama'a shi ne tarihin bashinsu. Kamfanoni irin su CRC, FirstCentral da CreditRegistry suna tattara bayanin wanda ya ci bashi da yadda ya biya, dokar bayanan bashi ta 2017 kuma ta amince a duba wannan bayani wajen tantance mai neman aiki. Na ga matashin da ya ci jarabawa, ya wuce intabiyu, sai wani ɗan bashi da ya manta da shi ya tare masa hanya a aikin da ya shafi riƙe kuɗi. Tun Agustan 2020 kuma, da lambar BVN banki na iya cire abin da yake binka daga asusunka na wani bankin, ko da can albashinka ke shiga.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda ya tsaya wa wani. Bai ci ko kwabo ba, kunya ce ta sa ya sa hannu, amma a idon doka bashin yana iya dawowa kansa dungurungum.

Ɗan'uwa, kada ka jira sammaci. Kana da damar karɓar rahoton bashinka kyauta sau ɗaya a shekara. Karɓa ka duba, idan da kuskure ka nemi a gyara. Je wurin mai binka tun da sauran mutunci, ku tsara yadda za ka biya, a rubuta, kowa ya riƙe kwafi. Ku kuma shugabannin ma'aikata, ku tambayi mutum abin da ya jefa shi cikin bashi kafin ku ɗauki biro, domin sau da yawa jinya ce ko jinkirin albashi.