Kada Ƙugiyar Harafinmu Ta Faɗi A Hanyar Zuwa Intanet

Gina shafukan intanet ne sana'ata, kuma yawancin waɗanda nake yi wa aiki suna tsakanin Gwarzo da Kabo: makarantun Islamiyya, ƙungiyoyin manoma, da malaman da suka gaji da ganin darussansu suna nutsewa a cikin WhatsApp. Kusan dukkansu a waya suke rubutu, ba su da lokacin koyon HTML, harshen da ake tsara shafi da shi. Sai na koya musu Markdown, wanda zama ɗaya ya isa mutum ya iya shi.

Abin ba wuya. Alamar # a farkon layi take ke nan, kalmar da aka sa tsakanin taurari bibbiyu kuma ta fito da kauri. John Gruber ne ya fito da tsarin a 2004 tare da gudummawar Aaron Swartz, ya rubuta shirin farko mai juya shi zuwa HTML da harshen Perl. Ni da Python nake aiki. Shirin nawa layuka ne 'yan kaɗan: ya buɗe rubutun, ya miƙa wa Python-Markdown mai juya shi zuwa HTML, ya ajiye shafi mara nauyi da zai buɗu ko a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Abu ɗaya nake yawan tunatarwa, tauraro ɗaya a kowane gefe kauri ne a WhatsApp, amma a Markdown karkatar da kalmar yake yi.

Inda gizo ke saƙar shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Wata damina sakataren wata ƙungiyar manoma a Garo ya turo mini sanarwar rabon taki. Na juya ta, na ɗora, ban duba ba. Bayan sallar Magariba ya kira ni: "Malam, wane yare ne wannan?" Na buɗe, sai ga "ƙasa" ta koma "Æ™asa", duk inda ɗ ko ɓ take sai wasu alamomi da ba su da kai balle gindi. Laifina ne. Na buɗe rubutun a kwamfuta mai Windows ban faɗa wa Python cewa da tsarin UTF-8 aka ajiye haruffansa ba, shi kuwa ya karanta shi da tsohon tsarin da aka yi domin harsunan Yammacin Turai. A UTF-8 harafin ƙ gurbi biyu yake ci, sai aka ɗauki kowane gurbi a matsayin harafi mai zaman kansa. Gyaran bai kai minti ɗaya ba. A rubuta encoding="utf-8" wajen buɗewa da wajen ajiyewa, sannan a shelanta UTF-8 ɗin a saman shafin.

Shawarar da sakataren ya ba ni ce ta fi tsaya mini a rai. Cewa ya yi mu cire ƙugiyoyin baki ɗaya mu huta, ai kowa zai gane. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ban yarda ba. Baƙi daban, baki daban. Ƙafa ba kafa ba ce, ɗa kuma ba da ba ne. Babba zai iya cankar ma'ana daga zubin magana, yaron firamare da ke koyon karatu a shafin makarantarsu fa? Abin da ya gani shi zai ɗauka daidai, ya rubuta a jarrabawa.

Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya saurin kamawa. Idan ka sa Python-Markdown ya haɗa maka jerin kanun rubutu, yana ƙirƙira wa kowane take adireshi, kuma a tsarinsa na asali yana zubar da harafin da ba shi da takwara a Turanci. Take mai cewa "Ƙarin bayani" sai ya zama arin-bayani. Maganinsa slugify_unicode, yana nan a ciki, zaɓarsa kawai za ka yi. Haka wani ƙari na Python-Markdown mai suna smarty da ke ƙawata alamomin zance: ya ga 'yan ko 'ya'ya sai ya zaci magana aka buɗe, ya juya alamar ta fuskanci wani gefen. A rubutun Hausa kashe shi nake yi.

In kuma jama'a ne za su riƙa turo rubutu kai tsaye, a sani Markdown yana barin HTML ya wuce yadda aka rubuto shi. Dole a tace kafin a ɗora, don kada wani ya cusa mugun shiri.

Ina roƙon 'yan'uwana matasa masu wannan sana'a, daga Getso har Garo, kafin ku miƙa wa mai aiki shafinsa ku gwada shi da jimla ɗaya mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da 'y, manya da ƙanana, a take da cikin rubutu. Ku buɗe a ƙaramar waya, ku karanta da idonku. Ku kuma malamai da shugabannin ƙungiyoyi, duk wanda ya ce muku kwamfuta ba ta ɗaukar ƙugiya, ku ce ya koma ya gyara shirinsa.